Daminar Da Muka Tashi A Tutar Babu

Yau kwana shida ke nan marka ta kama a Kafanchan, rana ko leƙowa ba ta yi. Kayan da na shanya tun Litinin har sun fara warin danshi. Ina zaune a baranda ina tsince wake sai ga Ladi, autata, ta dawo daga wani biki a jiƙe sharkaf, tana cire takalmi tana dariya.

"Momi, kin san an raba roba da bokiti a wurin nan? Mu da muka tsaya zuba wa mutane abinci tun safe, mun tashi a tutar babu. Ko cokali!"

Na ce, "Kin ci abinci a can?"

"Na ci mana. Shinkafa da kaza."

"To kada ki ƙara ce mini tutar babu."

Ta tsaya da takalmi a hannu tana kallona, don ba ta saba jin muryata haka ba. Ba laifinta ba ne. Haka kowa ke faɗa yanzu. An ci ƙungiyar ƙwallonka, tutar babu. Ɗan siyasa ya raba atamfa layi bai kai kanka ba, tutar babu. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a firamare, na sha bayyana wa yara maganar nan. Nakan ce musu ba asara ba ce, don asara abin da ke hannunka ne ya tafi. Ba kyauta ba ce kuma, don mai kyauta ya san ba ya jiran komai. Tutar babu ita ce ka zuba guminka kana sa rai da haƙƙinka, a zo rabo, ana ganinka, a tsallake ka. Abin da ban taɓa gaya wa yaran ba shi ne inda na koye ta. A gonar babana na koye ta, cikin marka irin wannan, ina da shekara goma sha uku.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, tafiyar awa biyu da ƙafa daga Kafanchan. A gida yarenmu muke yi. Hausa ta coci ce da kasuwa. A lokacin ba wanda ke ɗaukar ɗan ƙwadago, ba kuma maganin feshi. Gayya ce ke noma gari. Gida goma sha ɗaya ne a gayyar unguwarmu. Kowane gida yana da ranarsa: maza su taru da garmuna su yi wa mutum huɗa tun hantsi har yamma, shi kuma ya ciyar da su. Ka yi wa goma, goma su yi maka. Ba a rubuta shi ko'ina, ba a kuma bukatar a rubuta.

Babana, Ishaya, shi ne gaban layi. Ba dogo ba ne, amma kafaɗarsa kamar ƙofa, kuma garmarsa maƙeri ya ƙera masa ita daban, ta fi ta kowa faɗi. In ya sunkuya, sauran maza sai dai su bi bayansa suna haki. Ba shi da yawan magana, ba ya kuma iya cewa a'a. In ka ce masa "don Allah", ka gama da shi. Mama, Rifkatu, ita ce bakin gidanmu.

Daminar ta fara lafiya. Bayan zafin bazara da ya sa ko kwanciya a ɗaki ba a iyawa, ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, gina, garar nan mai fiffike, ta fito muka kama muka soya. Muka shuka masara da gwaza a bayan gida, muka binne 'yar cittarmu muka rufe da ganye, muka yafa acca a kan tudu. Amma duk waɗannan na lallaɓa ciki ne. Abin da ke cika rumbu shi ne dauro. Shi kuwa dauro ba a shuka shi kai tsaye. Sai an yafa irin a wani ɗan fili ya tsiro, in ya kai tsawon hannu a cire a dasa a kan kunya. Yana da lokacinsa. In ka makara, irin ya tsufa a inda yake, ruwa ya ɗauke kafin ya yi ido, ka girbe kara. Babbar gonarmu da ke ƙetaren rafi, wadda tofa ta cinye gefenta, ita ce ta dauro, ita ce kuma ake yi wa gayya.

A shekarar, gidanmu ne na huɗu a layi. Wata safiya muna shan kunu sai ga Markus, sarkin gayya, abokin Baba tun suna kiwon awaki. Ya gaisa ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce Dattijo Bulus ne ya aiko shi. Dattijo Bulus dattijon ikilisiya ne, shi ke karanta sanarwa ranar Lahadi, shi ke riƙe mabuɗin coci, shi ne kuma mai gidan kwano ɗaya tilo a unguwar. Bara shi ya fara, don haka bana shi ne na ƙarshe. Wai yana da taro a gari a ƙarshen wata, yana roƙon Baba don Allah su yi musaya.

Baba ya ce, "Ba komai."

Markus na fita Mama ta ajiye ludayi. "Baban Hannatu, ka san abin da ka yi? Ka ba da ranarmu ta tsakiya ka karɓi ta wutsiya."

"Rana ɗaya ce. Duk za a yi."

"Me ya sa bai roƙi wani ba?"

"Dattijo ne."

"Dattijo ne, kai kuma jaki."

Baba ya shanye kununsa ya ɗauki garma.

Haka ya yi ta fita. Gonar wannan yau, gonar wancan jibi. Yakan dawo da laka har ƙeya, ya zauna a kan turmi in zuba masa ruwan ɗumi a ƙafa. Gonar Dattijo kwana biyu ta ci don girmanta, ba wanda ya ce uffan. A gona ta goma, gonar Markus, garma ta daki dutse ta zame ta sare shi a ƙwauri. Waɗanda suka gani sun ce har farin ƙashi ya fito. Ya yage gefen rigarsa ya ɗaure, ya koma layi ya ƙarasa yinin, don kada a ce ya bar gonar abokinsa a rabi. Aka rako shi gida yana dogara kara. Markus da bakinsa ya ce wa Mama, "Maman Hannatu, kada ki damu. Ranar Asabar Ishaya ko garma ba zai taɓa ba. Ya zauna a inuwa ya ga aiki."

Lokacin an shiga watan yunwa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shi: tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Ranar Alhamis Mama ta sa ni na shiga rumbu, don ni ce mai ƙaramin jiki. Na share dauron da ya rage har da tsintsiya, na miƙo mata. Ta jiƙa, muka niƙa a dutse har tafin hannuna ya yi kanta. Ta buɗe tukunyar waken da ta binne cikin toka tun rani, wanda ko ranar Ista ba ta bari mun taɓa ba. Ta kama kajinta biyu, masu ƙwai, ta ce Baba ya yanka. Na ce mata, "Mama, mu kuma me za mu ci bayan nan?" Ta ce, "Masara ta kusa. Mutum goma ba sa noma da yunwa, kuma ba za a ce gidan Ishaya ya ba gayya ruwa ba."

Ranar Asabar gari ya waye tas, rana mai kyau, irin wadda ake roƙo a tsakiyar damina. Muka ɗauki tulunan kunu biyu, da wake da manja da riɗi, da naman kaji, muka ƙetare rafi. Mama da ƙanena Dauda a goye, yana da wata takwas. Baba yana ɗingishi a bayanmu. Muka jera kaya a gindin ɗorawa muka zauna.

Hantsi ya yi, ba kowa. Baba ya ce wataƙila sun tsaya wasa garma. Rana ta ɗaga, kunu ya fara kumfa a bakin tulu, ƙudaje suka taru. Sai iska ta kawo mana waƙa daga can gabas, waƙar da maza ke yi in suna huɗa. Mama ta miƙe tsaye ta saurara. Ta ce, "Hannatu, je ki gano mini."

Na bi waƙar da gudu. A gonar ikilisiya na same su, su goman. Ko kuwa in ce daga nan suka fara. Gonar ikilisiya ƙarama ce, ba ta kai aikin rabin yini ba, amma iyakarta ɗaya da wani sabon fili da Dattijo Bulus ya sare a shekarar. Sanda na iso sun gama ta Allah tuni, layi ya tsallake iyaka ya yi nisa cikin ta Dattijo. A gefe mata na juya tukunya. Alade aka yanka. Ƙamshin ya buge ni tun daga nesa.

Na tsaya a bakin kunya. Markus ya ɗago ya gan ni, ya mayar da kansa ƙasa ya ci gaba da sara. Ɗaya bayan ɗaya suka gan ni, ba wanda ya daina waƙa. Mutanen da babana ya yi wa huɗa da jini a ƙafa.

Dattijo ne ya taso daga inuwa, da farar rigarsa, ba ko ɗigon laka.

"A'a, Hannatu! Ba a gaya wa babanki ba? Kai, na manta. Aikin Allah ne ya taso, 'yata. Baƙi za su zo daga gari, bai kamata su ga gonar Ubangiji a ciyawa ba. Ki ce masa ya yi haƙuri, za a zo."

Na ce, "Baba Dattijo, Mama ta dafa abinci."

"To ku ci mana, ku gode wa Allah."

Ya sa aka naɗe mini tsokar nama a ganye, ya ce in kai wa Baba. Zan faɗi abin da na yi, don na daɗe da shi a ciki. Ban kai ba. A bakin rafi na tsuguna na cinye shi, ina kuka ina taunawa, na wanke bakina da yashi don kada Mama ta ji ƙamshi. Har yau in na tuna na ci naman nan sai in ji haushin kaina, sannan in ji haushin wanda ya san yarinya mai yunwa ya miƙa wa.

Da na faɗa musu, Mama ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta kwance Dauda ta shimfiɗe shi a inuwa, ta ɗauki garmar Baba. Da ƙyar ta iya ɗaga ta. Baba ya ce, "Kawo." Ya shiga kunya da ƙafa ɗaya da rabi. Kafin azahar tsumman ƙafar ya yi ja.

Abincin mutum goma ba ya kwana. Waken ya yi yauƙi washegari, muka ci haka nan har ya gagara. Kunu ya yi tsami, muka yi kwana huɗu muna sha muna yamutsa fuska. Daga nan kuma sai rumbu wayam.

Ranar Lahadi bayan sujada Markus ya tare Baba a ƙofar coci ya ce Asabar mai zuwa, ba fashi. A satin marka ta sauka. Rafi ya cika ya hana ƙetarewa kwana uku. Asabar ta gaba aka yi rasuwa a wata unguwa. Ta gaba kuma kowa na dashen nasa dauron a kan kunyoyin da babana ya tayar. Ba wanda ya zo ya ce an fasa. Maganar ce kawai ta mutu, in an haɗu da Baba a hanya a gaishe shi da sauri a wuce.

Mu uku muka yi abin da za mu iya. Ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, irin siririn nan mai shiga ƙashi. Mama ta lulluɓe Dauda da buhu a bayanta tana sara. Ni da ƙaramar fartanya ina bin saiwar tofa, tana yanka mini yatsu. Ƙafar Baba ta kumbura ta yi ruwa, har wari take, sai ya koma huɗa a durƙushe, yana jan jiki cikin laka. Wannan mutumin da maza ke bin bayansa suna haki. Ina iya ganin hayaƙin gidajen unguwa daga gonar, na san suna ciki suna jin ɗumi.

Abinci kuwa, ganyen yakuwa ne da na rogo, a watsa ɗan tsakin masara a ciki don a ce fate ne. Muka tona gwaza tun bai ƙosa ba, ya yi ta yi mana ƙaiƙayi a maƙogwaro. Masarar bayan gida ɗanya muka cinye ta, ba mu bar ko ta iri ba. Nonon Mama ya ragu, Dauda ya daina kuka da ƙarfi, sai wani ɗan nishi. Na san yunwar da in ka miƙe tsaye sai gari ya yi duhu, ka dafa gwiwa ka jira ya washe.

Ko kwatar gonar ba mu kai ba. Irin dauron ya tsufa har ya yi gaɓa kafin mu dasa. Ruwa ya ɗauke a lokacinsa, bai yi mana rowa ba, bai kuma jira mu ba. Da kaka ta yi, gonakin mutane suka sunkuya da zangarniya, tamu ta tsaya ƙiƙam, kai sama, ba nauyi. Gonar da ke cika mana rumbu har a zuba saura a ɗaki, dami shida ta ba mu.

Ranar da muka jera su a tsakar gida Baba ya daɗe yana kallo. Sai ya yi wata 'yar dariya, ya yi magana da Hausa, shi da ba ya Hausa a gida sai in addu'a zai yi. Ya ce, "Bana dai mun tashi a tutar babu."

A wurin masu sayen citta a kasuwa ya ji ta, ina tsammani. Ni ban taɓa ji ba. Na ce, "Baba, wace tuta?"

Mama ce ta amsa, tana kakkaɓe zani. "Ba mu muka tashi ba. Tashin mu aka yi."

Kafin Kirsimeti akan yi Lahadin godiya. A kira gida-gida, kowane gida ya fito da rawa ya kai abin da ya girba gaban bagade. Da safen Baba ya zaɓi dami ɗaya cikin shida ya ce na Ubangiji ne. Na jira Mama ta yi faɗa, ba ta yi ba. Ta yi wanka, ta ɗaura zanin zumuntar matan coci, ta ɗauko babban kwandonta ta rufe da farin ƙyalle ta ɗora a ka. Na ɗauka acca ta zuba.

Coci ya cika. Mata na buga tulu da caki, gaban bagade ya zama kamar kasuwa: dauro, doya, citta, kabewa, kaji a ɗaure. Gidan Dattijo da aka kira, 'ya'yansa sai da suka yi sawu uku, har da bunsuru. Aka yi guɗa. Shi da kansa ke kiran sunaye. Ya duba takarda ya ce, "Gidan Ishaya."

Mama ta fita da rawa. Rawa sosai, ba ta wasa ba, tana juyi kwando bai motsa ba. Mata suka ƙara kiɗa. Ta isa gaba ta sauke, ta yaye ƙyallen, ta kifa kwandon, ta bubbuga gindinsa sau uku. Ko ƙura ba ta faɗo ba.

Kiɗa ya mutu a hannun mata.

Hausar Mama ba ta da kyau, ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba a magana, amma ranar ba wanda bai gane ba.

"Baba Fasto, ga godiyan gidan mu. Miji na ya noma gona goma. Kowa a nan ya san garman shi. Wanda bai ci gumin Ishaya ba a cikin ku, ya daga hannu in gani."

Ta juya ta fuskanci bencin maza. Ba hannun da ya tashi. Markus ya sa fuskarsa cikin tafin hannu.

Dattijo ya gyara murya. "Rifkatu, nan gidan Ubangiji ne, ba kasuwa ba. Aikin da aka yi ran nan aikin Allah ne. Abin da kuka rasa a nan, ladanku yana sama."

Mama ta ce, "Naka kuma na gan shi a rumbu. Rumbu uku. Yaya aka yi naka bai jira sama ba?"

Wani a baya ya fashe da dariya ya haɗiye ta. Fasto, saurayi ne da bai daɗe da zuwa ba, wanda Dattijo ke ba masauki, ya ɗaga hannu ya ta da waƙa. Mutane suka kama don su ɓoye fuskarsu a ciki. Cikin waƙar Baba ya taso yana ɗingishi, ya ajiye daminsa a kan tulin, ya ɗauki kwandon, ya kama hannun Mama suka fita. Na bi su. Na waiwaya na ga damin namu, ɗan siriri, kusa da bunsurun Dattijo, bunsurun har ya fara cin kansa.

Ranar Laraba dattawa suka zauna. Dattijo Bulus yana cikin masu shari'ar. Aka sa Mama a horo wata shida saboda ta ta da hankalin sujada: ba jibin Ubangiji, ba zanin zumunta, kuma ta koma zama a bencin baya, bakin ƙofa, inda ake zaunar da waɗanda aka kama da zina ko sata. Maganar gayya ba ta shiga zaman ba. Sun ce wannan ba sha'anin ikilisiya ba ne. Baba ya je ya durƙusa da ƙafar nan ya ba su haƙuri a madadinta.

Kwana biyu bayan haka Markus ya zo da safe da dami biyu a ka. Ya tsaya a ƙofa ya kasa sallama. Mama ta ce masa da yare, "Ajiye a nan. Ba kyauta ka kawo ba, kada ka tsaya jiran godiya." Ya ajiye ya tafi. Mutum uku suka biyo bayansa a satin, kowa da abin da kunyarsa ta iya ɗauka. Sauran shida ba su zo ba.

Hatsin bai kai mu Ista ba. Baba ya tafi Kafanchan ya yi dako a tashar jirgin ƙasa, yana ɗaukar buhu da ƙafar da ba ta ƙara miƙewa daidai ba har ya mutu. Ni aka cire ni daga makaranta shekara guda, aka kai ni gidan wata 'yar'uwar Mama a gari ina wanke-wanke don a rage baki ɗaya a gida. Dauda ya rayu, amma sai da ya kusa shekara biyu kafin ya taka.

Da damina ta zagayo na zo gida ganin su, sai na tarar Baba yana wasa garma. Gayya za shi. Gonar farko kuwa ta ɗaya daga cikin shidan nan ce. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Baba, za ka koma? Bayan abin da suka yi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Hannatu. In ban je ba, wa zai zo mana?"

"Bara ka je. Wa ya zo?"

Ya gwada kaifin garmar da babban yatsa, ya saɓa ta a kafaɗa ya fita. Na fahimce shi yanzu da na girma, ba shi da wata hanya. Fahimtar ba ta rage mini komai ba.

Yanzu gayya ta mutu a ƙauyenmu. Mai hali ya sa a fesa magani, ya ɗauki 'yan ƙwadago, a gama a sallame su kafin rana ta faɗi. In mun haɗu a zumunta, tsarata sukan yi ta kewar da, wai da akwai ƙauna, da mutane tsintsiya ɗaya ne. Nakan duba wani wuri. Wasu cikinsu 'ya'yan mutanen nan shida ne, da dauron kunyar babana aka yaye su.

Da wata shidan horon nan suka cika, Fasto ya kira Mama a gaban jama'a, ya ce ta miƙe ta furta tubanta ta koma wurinta cikin mata. Ta miƙe. Ta ce, "Na ji, Baba Fasto." Ta koma ta zauna a bencinta na baya. Aka aiko matan zumunta su lallashe ta, ta ce nan ya fi mata iska. Fastoci suka zo suka tafi, aka rushe cocin laka aka gina na bulo, aka kawo kujerun roba, Mama ta ɗauki ta ƙarshe ta ajiye a bakin ƙofa. Ba ta fasa sujada ko sau ɗaya ba, kuma ita ke fara zuwa.

Ƙofa ɗaya ce a cocin. Duk Lahadi sai Dattijo Bulus ya bi ta gabanta da Littafi a hammata, ita kuwa ta ɗan russuna cikin ladabi, da murya yadda na kusa za su ji, ta ce, "Ina kwana, Baba Dattijo. Yaya gona?"

Shekara goma sha tara tana tambayarsa. Har aka fitar da shi ta ƙofar nan a akwati, bai taɓa ɗaga ido ya amsa ba.